Ordonansi: mi ya sa farmasi ke hana ka magani, mai tebur kuma shi ba ka ba tambaya?

Baban Halifa: Assalamu alaikum ƴan gurup, ku yi haƙuri da dogon rubutu amma raina ɓace yake. Jiya wajen sha ɗaya na dare jikin Halifa ya yi zahi rau, ga ɗan tari ga ƙin abinci, sai na ɗauko ordonansin da anka rubuta mai tun watan azumi lokacin da ya yi irin haka, na hau moto na tahi farmasin da ke gadi. Yarinyar ta duba takarda ta ce ai wannan an riga an bada, ga tampo nan an buga, amoksisilin ba ta sake badawa sai in kai yaro a duba shi a rubuta wata. Na ce baiwar Allah kuɗɗina ne, ɗana ne, ciwon kuma na san shi, ta ce siron parasetamol kawai za ta iya ba ni. Da sahe na biya wajen wani mai tebur bakin tasha ya miƙo min amoksisilin ɗin ko sunan yaro bai tambaya ba. To don Allah wa ke raba magani, a ce wanga sai da takarda wanga ba sai da takarda ba? Ko dai haɗa baki ne don a ci kuɗɗin ganin likita?

Kabu-kabu: haɗa baki ne mana, mi za ka tambaya. kowa so yake shi ci nashi

Maman Nana: Wa alaikumus salam, Allah shi ba Halifa lahiya. Amma Baban Halifa yanzu damina ce hwa, ka tabbata ba palu ba ne? An yi mai tes?

Baban Halifa: Amin Hajiya na gode. Ba a yi ba tukuna, na fara ba shi siron dai cokali biyu

Ƴar Farmasi: Yaya Baban Halifa sannu da jinya. Ba ni ce ta jiya ba amma da ni ce ma abin da zan yi ke nan, kuma ka lura yarinyar nan ciniki ta ƙi, da kuɗi take so ai da ta miƙa maka ta karɓe, kuɗin ganin likita ba aljihunta yake shiga ba. Bari in yi bayani yadda muke aiki. Tsarin da muke bi gadon Faransa ne, tsofaffin ma'aikata har yanzu tablo A, tablo B, tablo C suke cewa, mu kuma an koya mana lis ta ɗaya, lis ta biyu da kuma masu sa maye. Ka ɗauki kwalin magani irin wanda ya bi tsarin Faransa ka juya bayansa, za ka ga wani farin fili da aka zagaye da layi. In layin ja ne, lis ta ɗaya ke nan, ordonansi ɗaya sayarwa ɗaya, ba a maimaitawa sai in wanda ya rubuta ya sa da hannunsa cewa a sake sau kaza. Amoksisilin nan yake. In kore ne, lis ta biyu, shi ma sai da takarda amma ana iya sake ba ka da ita in likita bai hana ba. Sau da yawa akwai rubutu ma da ke cewa uniquement sur ordonnance, wato sai da ordonansi. Masu sa maye irin morfin kuwa suna cikin kabad mai makulli, ana rubuta duk wanda ya shiga da duk wanda ya fita a rajista, ƙwaya ɗaya ta ɓata sai an yi bayani. Wanda ba ya cikin ko ɗaya daga ukun nan shi ne kake zuwa ka ce a ba ka kawai, parasetamol, ruwan gishiri da sukari na zawo, zinc, irin su.

Kabu-kabu: to mai tebur shi wane launi gare shi 😂

Ƴar Farmasi: Shi launin rana gare shi, tun safe kayansa na gasuwa. Kwali an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, a Maraɗi watan Afrilu muna wuce 40, kai ka lissafa.

Baban Halifa: Na ji launi ƙanwata, amma ba ki ba ni amsa ba. Da wane ma'auni ake cewa wannan ja wannan kore? Parasetamol ma ai na ji an ce yana kisa

Baba Majo: Salamu alaikum ɗiyana. Ni na yi shekaru ina riƙe da disfansar cikin ƙauyukan Dakwaro da Mayahi kahin in aje aiki, bari in sa baki. Tambayar da masu rabawa ka yi ba ita ce wane magani ad da ƙarhi ba. Tambaya ta hwarko, mutum shina iya gane ciwon da kainai? Ciwon kai ka san ciwon kai ne, ba sai an gaya maka ba. Amma zahin jiki da tari ga yaro, palu na kawo shi, mura na kawo shi, ciwon haƙarƙari na kawo shi, kunne mai ruwa na kawo shi, baƙon dauro ma haka yake hwarawa, kuma kowane da nashi magani. Abin da anka gani watan azumi ba lalle shi ne na yau ba ko da kama ta yi kama. Ta biyu, tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da awon da ke cutarwa, in ta yi kusa ba a barin mutum shi auna da kainai. Ta ukku, jiki na sabawa da shi har mutum shi kasa bari? Ta huɗu, wadda mutane ba su so su ji, in ka sha shi ba daidai ba kai kaɗai ka cutu ko har da maƙwabcinka? Antibiyotik nan yake. Ka sha kwana biyu ka ji sauƙi ka aje, ko ka sha don mura wadda ba ya yi mata komi, ƙwayoyin cutar da sunka tsira su ne masu taurin kai, su ka hayayyahwa, kuma ba cikinka kaɗai za su zauna ba, gida guda ake cin tuwo ana shiga salga guda.

Baba Majo: Mu mun ga misali da idonmu. Nivakin da, ƙwaya kaɗan palu ya tahi, kowa na saye a tebur ana sha awa gyaɗa. Sannu sannu ta bar aiki, dole a 2005 Nijar ta canza zuwa irin su Coartem. Wanda bai ga lokacin ba sai shi ɗauka tatsuniya ce.

Na Liyon: Barka da war haka Baba. In ƙara kan maganar parasetamol da Baban Halifa ya yi, gaskiya ya faɗa, yana lalata hanta in an wuce giram 4 a yini ga babba, wato ƙwaya 8 na 500, kuma tarkon shi ne mutum ya sha Doliprane ya ƙara Fervex ya ƙara Ibucap bai san duk da parasetamol a ciki ba. Shi ya sa ko marar ordonansi ba sake ne aka yi masa ba. A Ingila kashi uku suka yi: na likita, na hannun mai farmasi, da wanda ko kanti zai iya sayarwa, kuma tun 1998 kanti ba ya sayar da kwalin da ya wuce ƙwaya 16. Nan Faransa tun Janairun 2020 aka mayar da shi bayan kanta, sai ka tambaya a miƙo maka. Kuma magani na tashi daga aji zuwa aji, ba gado ba ne. Ibuprofen da sai da takarda, a 1983 Ingila ta sake shi bayan an daɗe ana amfani da shi an san halinsa. Kodin kuma akasin haka, nan ana sayensa haka kawai har Yulin 2017 da aka ga matasa na haɗa shi da lemo suna mutuwa aka ce sai da takarda. Ordonansi ma tana tsufa a nan, in ta wuce wata 3 ba ka kai ta farmasi ba ta mutu, masu sa maye kuwa ba a rubuta na fiye da kwana 28.

Alhaji Ɗan Jibiya: Kai yaro bar mu da Faransa, kashi nawa na maganin da ke Maraɗi ya hito Faransa? Ka shiga kasuwa ka duba, Indiya ne da Najeriya, ta Jibiya da Ɗan Isa yake shigowa, babu jan layi babu kore, ingilishi ne zalla. Ni da nike zuwa Katsina da Kano duk sati na san kemis, can ba a wannan dogon turanci.

Na Liyon: Alhaji da girmanka, can ma dokar na nan, bin ta ne ba a yi. Mai kemis lasisinsa na ƙananan magunguna ne, ba na allura da su Tramol ba. NAFDAC ke yi wa magani rajista, kuma lambar NAFDAC a kwali ba tana nufin kowa ya saya ya sha ba ne. Na Indiya kuma ka duba kusurwar sama ta hagu za ka ga Rx, wani lokaci da ja, da gargaɗin Schedule H ko H1, ma'anarsa daidai da jan layinmu. Ba ka tuna 2018 da Najeriya ta hana siron kodin bayan rahoton BBC?

Alhaji Ɗan Jibiya: Na tuna, kuma bayan an hana kuɗinsa ne kawai ya tashi. Ni abin da nike cewa, dokar da ba ta kama mai tire sai mai shago ba doka ba ce, wahalar da mai gaskiya ce. Talaka na ƙauyen da CSI, wato likitar gwamnati ta yanki, ke nesa da shi, ga ruwa ya cika gulbi, ga amalanke, ka ce mai ordonansi? Mai tiren da ke zuwa ranar kasuwa shi ne lokotoronsa, ya ba shi kafso biyu na dala ashirin. Farmasi kuwa kwali guda za a ce ka saya ko ka bari.

Baba Majo: Alhaji nan ka hwaɗi gaskiya kuma ba ni musu, na zauna ƙauye na san nisa. Sai dai kafso biyun nan su ne matsalar, ba su kashe ciwo ba su bar shi, horo kawai suka ba shi. Kuma gyara guda: ba sai lokotoro ka rubuta ordonansi ba a ƙasag ga, anfirmiye na rubutawa, ungozomar likita na rubutawa, kaz da sante, ƴar ƙaramar likitar ƙauye, ma akwai ɗan jerin maganin da anka yarda ma'aikacinta shi bada. Da lokotoro kaɗai muka jira da rabin jihar Maraɗi ba ta taɓa shan magani ba.

Kabu-kabu: to Baba in takarda dole ce, mi ya sa duk damina ake bi gida gida ana ɗura ma yara maganin palu ba wanda ya rubuta komi? ko gwamnati ita ta hi ƙarhin doka

Maman Nana: Wallahi wannan tambaya ta yi, ni ma na taɓa tunanin haka

Baba Majo: Ta yi ƙwarai. Wancan rigakahi ne na yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau guda kowane wata lokacin damina, kwana ukku ana sha. An riga an yanke wa za a ba, awo nawa ga ƙarami awo nawa ga babba, an horar da masu rabawa, suna da kati suna cikawa, kuma yaron da jikinai ke da zahi ba su ba shi haka nan, sai an yi mai tes. Ka ga ordonansi ce guda babba da ministan lahiya ya rubuta ma yaran ƙasa duka. Ba daidai take da mutum shi tsaya bakin tasha shi zaɓi kwalin da launinai ya yi mai kyau ba.

Kabu-kabu: to Tramol hwa, tunda an kawo maganar. mu masu moto kowa mu yake zagi amma ba a tambayar wa ke shigo da shi katan katan. ni na bari shekara biyu ke nan Alhamdulillahi, ranar da abokina ya faɗi kan moto yana karkarwa kamar mai farfaɗiya na ce na gama. amma manoma da masu dako har da mata masu aikatau suna sha, ba don maye ba don jiki shi ɗauki aiki

Ƴar Farmasi: Allah ya ƙara tsarewa ɗan'uwa. Abin da ka gani sananne ne, yawan tramadol na kawo jijjiga. Na asibiti 50 ne ko 100, kuma ko mai ciwo mai tsanani ba a wuce masa 400 a yini. Na titi 200 ne, 225, har 250, ƙwaya biyu ka riga ka tsallake iyaka. Abin da ya sa ya cika mana gari kuwa, ba ya cikin jerin yarjejeniyar duniya ta 1961 da ta 1971 da suka ɗaure irin su morfin da diyazefam, kowace ƙasa ita ke ɗaure shi da kanta, Indiya ma sai 2018 ta sa shi cikin dokar kayan maye. A wurinmu ba ya fita sai da takarda, kuma muna duba takardar da kyau don ana kawo na jabu. Ordonansi ta gaskiya sai da sunan mai rubutawa da tampo da sa hannu, kwanan wata, sunan marar lafiya, shekarunsa, in yaro ne har nauyinsa, sunan magani, awo da yawan kwanaki. Siron yara da kilo ake auna shi, ba da cokalin shayi ba, Halifa na watan azumi da na yau ma ba lalle nauyinsu ɗaya ba.

Alhaji Ɗan Jibiya: Malama ki ji tsoron Allah, duk farmasin garin nan haka ake? Ni da kaina na sha sayen Cipro ba takarda, a shago mai gilashi da na'urar sanyi

Ƴar Farmasi: Ban ce duka ba Alhaji, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai inda mai farmasin ba ya zama, ya bar yara masu sayarwa an ce musu ciniki ake so. Akwai kuma matsin ku masu saye, in ka hana mutum ya zage ka ya tafi na gaba a ba shi, gobe ya ce kai ne mai girman kai. Cipro ɗin da kake faɗa ma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta sa shi a aji na biyu na antibiyotik, waɗanda ake so a yi tsimin su, tare da seftriyakzon da ake ta dankara wa mutane a gida da sunan taifod. Amoksisilin na ajin farko, na uku kuma irin kolistin ne, na ranar da komi ya ƙi. An ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa.

Maman Nana: Tunda an buɗe faifai bari in faɗi namu na mata, don ba maza kaɗai ke da Tramol ɗinsu ba. Sha ka fashe. Amarya saura wata biyu biki sai ƙawaye su kawo mata ƴan ƙananan ƙwayoyi a leda ba kwali ba suna, wai ta ciko. Ƴar maƙwabciyata haka ta yi, fuska ta yi tulu, ciki ya fito, ƙafafu kamar sillen kara, ga nankarwa ja a cinya, uwar na murna ana cewa ta yi kyau, ni dai na ce wannan kumburi ne ba ƙiba ba aka ce baƙin ciki nake

Baba Majo: Hajiya idonki ya gani daidai. Mahi yawa deksametazon ne, wani lokaci a haɗa da mai buɗe ciki. Magani ne mai daraja a hannun wanda ya sani, yana ceton mai asma da wasu da dama, amma wata da watanni ana sha shina kawo ciwon sukari, hawan jini, ƙashi shi yi rauni, jiki shi kasa yaƙi da cuta. Ki gaya ma uwar abu guda: kada yarinyar ta yanke shi rana guda, jikinta ya riga ya rage yin nashi, tana iya hwaɗuwa. Ta je likita a rage mata sannu sannu. Man bilicin da yawa ma danginsa ne a ciki.

Maman Nana: Innalillahi, ban san da wannan ba, da ni cewa zan yi ta watsar yau. Bari in leƙa gidan bayan la'asar

Admin: Jama'a wanda ya turo hoton kwali yana tambaya ko ya sha, na goge. Gurup ba likita ba ne. A ci gaba da muhawara amma ban da rubuta wa juna magani

Baban Halifa: To na ji duka, amma har yanzu ina da ƙorahi. Hawan jinin tsohuwata hwa? Shekara biyar magani guda take sha, shi ma duk wata sai mun koma layi?

Ƴar Farmasi: A'a Yaya, wannan daban ne. Ka roƙi mai duba ta ya rubuta a jikin takardar cewa a sake na wata 3 ko yadda ya ga ya dace, mu kuma duk zuwa mu buga tampo mu sa kwanan wata. Amma a riƙa auna ta tsakani, wani lokaci awon na bukatar canji, kuma ka hana ta diklofenak da ibuprofen na ciwon gwiwa, suna tada tansiyo suna taɓa ƙoda, ko da an ce wani ba ya bukatar takarda. Sai ka kai Halifa yanzu don Allah, ƴan ƙasa da shekara 5 tun 2006 aka ce kyauta ne a likitar gwamnati.

Alhaji Ɗan Jibiya: Kyauta a takarda. Ka je a ce maganin ya ƙare a rubuto maka ka sayo waje

Baba Majo: Ana yin haka, ban ɓoye ba. Amma tes ɗin palu minti 15 ne, ko shi kaɗai ya samu ya rage asara.

Baban Halifa: Na dawo jama'a. Tun tara nike layi sai yanzu, shago ruhe yini guda, wannan ma a sa cikin lissahi. Tes ya nuna palu, an ba shi Coartem sau biyu a yini kwana ukku, an ce shi sha da abinci ko madara. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta saurari ƙirjinsa ta ƙirga numfashi ta ce ba ruwansa da amoksisilin, in tsaida. Ta kuma yi min faɗa gaban mata kamar ɗanta. Ni dai har yanzu ina ganin da yarinyar jiya ta yi min bayani awa yadda kunka yi da ban tahi wajen mai tebur ba, ba a ba ni kawai ta ce ta juya

Kabu-kabu: jika nawa ka ba mai tebur 😂

Baban Halifa: Bar tona asiri. Ƙanwata kwalbar da na riga na zuba ma ruwa hwa, in aje ta saboda gaba?

Ƴar Farmasi: Kar ka ajiye Yaya, in an haɗa shi da ruwa kwana 7 ne, wani 14 a firji, ya danganta da abin da aka rubuta a kwali, balle wanda ba mu san rana nawa ya sha a tebur ba. Kawo min ita gobe in ka fito in haɗa da waɗanda suka lalace. Coartem ɗin kuma ko ya tashi yana guje-guje gobe ka cika shida ɗin nan, in ya yi amai cikin rabin awa da sha a sake ba shi, in kuwa aman ya ƙi tsayawa ko ya fara jijjiga ko barcin da ba ya tashi ku koma cikin daren kada ku jira safiya.

Maman Nana: Na je gidan, uwar ta ce sai bayan biki. Baba Majo ko za ka yi mata vokal da kanka, wataƙila ta ji maganar babba